Buri Ne Ya Ci Makbet, Ko Tsoro?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Tun muna sakandare aka sa mu haddace amsa guda game da wasan Makbet na Shekispiya, wato dogon buri ne ya halaka shi, kuma da wannan amsa muka ci jarrabawa. A hutun nan na sake karanta wasan daga farko har ƙarshe ba don jarrabawa ba, sai na tarar amsar ta yi kama da gajeren mayafi, wanda in ya rufe kai sai ya bar ƙafafu a waje. Ga wanda ya manta labarin, Makbet jarumi ne a rundunar Sarki Dankan na Sikotilan, yana dawowa daga yaƙi tare da abokinsa Banko sai wasu mata uku masu siddabaru suka tare su, suka ce masa zai zama sarki, suka ce wa Banko shi ba zai yi sarauta ba amma zuriyarsa za ta yi. Makbet ya kashe Dankan a daren da sarkin ya sauka a gidansa, ya hau gado, sannan ya yi ta kisa har ranar da wani basarake mai suna Makdaf ya sare masa kai. Abin da nake da'awa shi ne, buri mutum ɗaya tak ya kashe a wasan nan, wato Dankan, kuma hakan ya auku ne a kashi na biyu cikin kashi biyar. Duk gawar da ta biyo baya, daga dogaran Dankan biyu da aka shafa wa jini don a ɗora musu laifin har zuwa iyalin Makdaf, tsoro ne ya kashe su, domin mutumin da ya riga ya zama sarki ba shi da wani matsayi na gaba da zai yi burin kaiwa.

Tsohon Malami: Wa'alaikumus salam, 'yata. Na daɗe ina koyar da wasan nan kafin in ajiye alli, kuma ina jin daɗin ganin wadda ta ƙi yarda da abin da aka ɗura mata. Sai dai kin yi wa buri iyaka a inda ba shi da ita. Ki koma fitowa ta farko a kashi na uku, inda Makbet yake zaune shi kaɗai bayan an naɗa shi a Sikon, ki saurari abin da ke cin ransa. Yana cewa an ɗora masa kambi marar 'ya'ya, an damƙa masa sandar mulki bakarariya, kuma idan maganar matan nan ta tabbata, to ya ƙazantar da zuciyarsa ne, ya kashe Dankan, ya sayar da lahirarsa, duk don jikokin Banko su ci gajiya. Wannan maganar mai kwaɗayi ce, wanda jiya sarauta kawai yake so, yau kuma ya ga sarautar ba ta ishe shi ba sai ta tabbata a gidansa har abada. Shi ya sa da ya aika makasa ya jaddada musu cewa kada ɗan Banko, Filiyans, ya tsira, alhali yaron bai san komai ba kuma ba shi da rundunar da za a ji tsoro. Ki kuma tuna cewa ba mu malamai muka ƙirƙiro kalmar ba. Shi da bakinsa, a fitowa ta bakwai ta kashi na farko, ya lissafa dalilan da suka hana shi taɓa Dankan, cewa ɗan'uwansa ne, sarkinsa ne, baƙonsa ne, sannan ya amsa cewa ba shi da wani ƙaimi da ke zaburar da shi sai buri, irin na mahayin da ya yi tsalle ya wuce sirdi ya faɗa ta ɗaya gefen.

Lauya: Allah ya gafarta Malam, ina roƙon a ƙarasa karanta wannan fitowa ta bakwai, domin bayan duk lissafin da Malam ya ambata, hukuncin da Makbet ya yanke shi ne a bar maganar. Ya ce wa matarsa ba za su ci gaba da wannan al'amari ba, sarki ya ɗaukaka shi kwanan nan, mutane suna ganin girmansa, kuma yana so ya more wannan mutunci. A aikinmu, wanda ya yi tunanin laifi ya janye kafin ya aikata, ba a kama shi da komai. Wadda ta mayar da shi kan hanya ita ce matar, kuma ba da hujja ta yi hakan ba, da gori ta yi. Ta tambaye shi ko buguwa ce ta sa ya yi alkawari, ta ce masa matsoraci, ta ce sai ya aikata ne zai cika namiji, har ta kai ga cewa da ita ta yi rantsuwa irin tasa, da ta fizge jaririn da take shayarwa ta fasa masa kai. Ita ta tsara a bugar da dogarai da giya, ita ta mayar da wuƙaƙen ɗakin gawa da ya kasa komawa. Hausawa suna cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. In ana neman burin da ya rushe gidan nan, a duba ɓangaren uwargida.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya Lauya, da ma na san ba za a daɗe ba za a ɗora wa macen. Ban wanke ta ba, amma a bi abin a jere kamar yadda marubucin ya jera shi. A fitowa ta uku ta kashi na farko, tun a daji, kafin mu ga fuskar matar ko mu ji sunanta, Makbet ya ce wani mummunan tunani ya tayar masa da gashin kai, ya sa zuciyarsa tana dukan haƙarƙarinsa, kuma ya kira tunanin da sunansa, kisa. A fitowa ta huɗu, da Dankan ya naɗa ɗansa Malkam Yariman Kambalan, wato magajin gado, Makbet ya ce wannan tudu ne da ko dai ya faɗi a kansa ko ya tsallake shi, ya roƙi taurari su ɓoye haskensu don kada a ga baƙin abin da yake so. Duk wannan yana hanya, bai iso gida ba. Sannan a cikin gorin da kake magana, akwai tambayar da ta yi masa wadda ba ka kawo ba: wace dabba ce ta sa ka fara kawo mini wannan shawara? Bai musa ba. Ita kuwa da aka zo aikatawa, ta shiga ɗakin ta kasa, ta ce da sarkin bai yi kama da mahaifinta a cikin barci ba da ta yi da kanta. Bayan wannan dare ba ta sake sa hannu a jinin kowa ba. Da zai kashe Banko ɓoye mata ya yi, ya ce ta zauna cikin rashin sani har sai ta yaba da aikin.

Mai Shirya Wasa: Ina goyon bayan Malama ma'aikaciyar jinya, kuma zan ƙara da abin da na gani da idona. Na taɓa shirya wasan nan da ɗaliban wata makaranta, muka yi sati biyu muna fama da fitowar matan nan uku, domin yaron da ya fito a Makbet kullum sai ya washe baki idan aka ce masa zai zama sarki, kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Sai wata rana yaron da ya fito a Banko ya tsaya ya ce, Malam, to ni me ya sa nake tambayarsa dalilin da ya razana, yake nuna tsoron abin da ke da daɗin ji? Nan muka gane cewa marubucin ya ɓoye umarnin wasa a bakin Banko. Dole Makbet ya zabura, dole fuskarsa ta canza, irin ta wanda aka faɗi sirrinsa a bainar jama'a. Matan nan ba su ce masa ya kashe kowa ba, ko sau ɗaya. Shi ya sa ma ban cika son a kira su mayu ba, domin maye a wurinmu kurwa yake kamawa ba tare da yardar mai ita ba, su kuwa waɗannan sun fi kama da 'yan duba da ke faɗa maka gaskiya ɗaya ƙarama don ka sayi babbar ƙarya. Sun ce masa zai sami sarautar Kawdo, kafin ya bar wurin sai ga manzannin sarki da labarin naɗin, daga nan ya miƙa wuya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Banko ya ji irin abin da ya ji, a wuri guda kuma a lokaci guda, amma bai zare wuƙa ba.

Malamar Tarihi: Ina neman afuwa zan ɗan karkatar da zancen, domin kowa yana magana kamar Shekispiya shaida ne adali, alhali yana da ubangida. An rubuta wasan wajajen 1606, shekara uku bayan Sarki Jemis na Shida na Sikotilan ya haɗa da gadon Ingila a 1603 ya kuma ɗauki ƙungiyar 'yan wasan Shekispiya a ƙarƙashin inuwarsa. A watan Nuwamba na 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisa da albarushi har da sarki a ciki. Jemis ɗin nan ya rubuta littafi a kan maita a 1597, kuma gidan sarautarsu yana da'awar cewa daga Banko suka fito. To a littafin tarihin Holinshed, inda Shekispiya ya ɗebo labarin, Banko yana cikin waɗanda suka taya Makbet kashe Dankan. Marubucin ya wanke kakan sarki tas, shi ya sa nake dariya idan aka kafa hujja da Banko a matsayin mutumin kirki da ya danne zuciyarsa. Makbet na gaskiya kuwa ya yi mulki daga 1040 zuwa 1057, shekara goma sha bakwai, kuma Dankan na gaskiya ba dattijo ba ne da aka yanka a kan gado, matashi ne da ya mutu a fagen fama kusa da Elgin. A 1050 Makbet ya tafi ziyara birnin Rum, abin da sarkin da ke tsoron a ƙwace masa gado ba zai yi ba. A Sikotilan ta wancan zamani ba dole ɗa ya gaji uba kai tsaye ba, sarauta takan zagaya tsakanin rassan gida, kuma matarsa Guruwak jinin sarauta ce. Wanda ya yi takarar abin da yake da haƙƙi a kai, sunansa mai dogon buri ne kawai idan ya faɗi kuma jikokin abokan gabarsa suka ɗauki nauyin mai ba da labari.

Tsohon Malami: Malama, duk abin da kika faɗa haka yake, amma mu kan wasa muke jayayya, kuma Makbet na wasa shi ne wanda ke cikin littafin wasannin Shekispiya da aka buga a 1623, ba na tarihi da aka kashe a Lamfanan ba. Ko da yake tarihin naki ya ba ni makami. Holinshed ya ce Makbet ya yi shekara goma yana mulkin adalci kafin ya lalace, Shekispiya kuwa ya cire shekarun nan goma ɗungurungum, kuma wannan yana cikin abin da ya sa wasan ya zama mafi gajarta a wasanninsa na tashin hankali. Ba mu ga Makbet ya yanke shari'a ko ɗaya ba, ba mu ga ya gina wani abu ba, ba mu ji ya faɗi abin da zai yi wa talakawa da sarautar ba. Walima ɗaya ya shirya wa manyan ƙasa, ita ma ta watse saboda fatalwar Banko ta zauna a kujerarsa. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibarmu ta duba: burin mutumin nan fanko ne tun asali, kujerar yake so ba aikin kujerar ba, don haka da ya hau sai ya rasa abin yi da ita ban da gadinta.

Ɗalibar Adabi: Baba, ai da bakinka ka kawo ni inda nake so. Wanda ba shi da aiki sai gadi, tsoro ke juya shi. Shi ya ce zama sarki ba komai ba ne sai in an zauna cikin aminci, shi ya ce zuciyarsa cike take da kunamu, shi ya ce babu gidan wani babba a ƙasar da bai ajiye ɗan leƙen asiri da yake biya ba. Na yarda maganar zuriya tana da warin kwaɗayi, wannan na sallama. Amma a kawo mini burin da ke cikin kisan da aka yi wa iyalin Makdaf a gidansa na Fayif. Makdaf ya riga ya gudu Ingila wurin Malkam, matarsa da 'ya'yansa ba su da da'awar gado, ba a yi musu duban sarauta ba, mutuwarsu ba ta ƙara wa Makbet ko taku ɗaya na ƙasa ba, illa ma ta ba Makdaf dalilin da zai neme shi ido da ido. Kuma Makbet ya yi hakan ne bayan matan nan sun tabbatar masa cewa babu wanda mace ta haifa da zai cuce shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso zuwa tudun Dansinen. Mai buri yana lissafin riba da asara, ko da lissafin mugunta ne. Wannan kuwa ya ce daga yau abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi hannunsa zai fara aikatawa.

Lauya: Na janye rabin tuhumata a kan uwargida, domin tambayar nan da Malama ma'aikaciyar jinya ta kawo, ta wanda ya fara kawo shawara, hujja ce mai nauyi kuma na tsallake ta. Ina riƙe da ɗaya rabin, cewa ba don gorinta ba da daren nan ya wuce lafiya. Game da Fayif, ƙanwata, ina ganin ke ma hujjarki ta juya miki baya. Idan an ba shi tabbacin cewa ba mai iya kashe shi, to tsoron me ya rage? Abin da na gani a wurin fushin mai mulki ne da aka ƙi amsa kiransa, domin Makdaf bai je naɗinsa ba kuma ya ƙi zuwa da aka neme shi. Ga Malamar Tarihi kuma, ko a cikin wasan Banko bai fita fes ba. A farkon kashi na uku ya ce yana zargin Makbet ya sami gadon ta mummunar hanya, amma maimakon ya faɗa wa kowa sai ya fara tunanin cewa in duban ya tabbata a kan Makbet, to nasa ma yana tafe, ya ja bakinsa ya yi shiru. Mai ɓoye shaida saboda yana jiran rabonsa, a kotu ba ma kiransa mai tsarki.

Tsohon Malami: 'Yata, bambancin da ke tsakanina da ke ya ragu sosai. Ke kina ɗaukar tsoron a matsayin baƙo da ya shigo bayan buri ya fita, ni kuwa ina cewa tare suka shigo, kuma Makbet ya san da haka kafin ya ɗauki wuƙa. A cikin wancan dogon tunani nasa ya ce wanda ya koyar da darasin jini, darasin yakan dawo ya addabi malaminsa, kuma ƙoƙon gubar da mutum ya dama shi ake miƙa wa leɓensa. Da ya kashe sarki a kan shimfiɗar baƙunta, ya nuna wa kowane jarumi a Sikotilan cewa ana iya samun gado ta wannan hanya, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Dankan yana iya barci a gidan wani domin bai ƙwaci gadonsa ba. Makbet ba ya iya barci a gidansa, kuma tun hannunsa bai bushe ba ya ji murya tana cewa ya kashe barci.

Ma'aikaciyar Jinya: Maganar barcin nan ita ce abin da ya fi tsaya mini, wataƙila saboda aikin dare. Na sha zama kusa da marasa lafiya da ƙarfe uku na dare, lokacin da mutum yake faɗin abin da ba zai faɗa da rana ba, kuma duk wanda ya rubuta fitowar uwargida tana tafiya cikin barci ya san wannan yanayi. Ta sa doka kada a raba ta da fitila, ita da ta taɓa kiran duhu ya rufe ta. Tana murza hannuwa tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai gusar da warin ba, ita da ta ce wa mijinta ruwa kaɗan zai wanke su. Amma abin lura shi ne, a cikin sambatunta ta ambaci matar Makdaf tana tambayar ina take yanzu, alhali ba da ita aka shirya wannan kisa ba. Ta ɗauke shi a kanta domin ta san daga ɗakin Dankan hanyar ta taso. Likitan ma ya ce ta fi bukatar malamin addini a kan mai magani. Ita dai ba ta raba gawawwakin gida biyu ba kamar yadda ƙanwarmu ta raba su.

Ɗalibar Adabi: Wannan ta shige ni, Yaya, kuma ba ni da amsarta a yanzu. Amma har gobe ina ganin kalmar buri ita kaɗai ba ta ɗauke nauyin Fayif, kuma fushin da Yaya Lauya ya kawo a madadinta shi ma ba buri ba ne. Malam mai shirya wasa, yaya kuka yi da wannan fitowa a makarantar?

Mai Shirya Wasa: Shugaban makarantar ya so mu cire ta saboda iyaye za su zo, ni kuma na ƙi, domin kisan Dankan a bayan fage ake yin sa, na yaron Makdaf kuwa marubucin ya sa a yi shi a gaban jama'a, bayan ya bar mu mun saurari yaron yana tsokanar uwarsa da wayon yara a kan ko ubansa maci amana ne. Muka ba wani ɗan aji ɗaya matsayin, ƙanƙane ne har rigar tana jan ƙasa. Mutane suna ta dariyar surutunsa har makasan suka shigo. Da ya faɗi yana ce wa uwarsa ta gudu, zauren ya yi tsit, sai wata dattijuwa a layin gaba ta miƙe tsaye tana salati, tana tambayar na kusa da ita me yaron ya yi masa. Yaron da ya fito a Makbet yana bayan labule a lokacin yana jiran fitowarsa ta gaba, kuma ya faɗa mini daga baya cewa da ya ji muryar matar sai da ya ji kunyar sake fitowa.